Auren Jinsi Haramun Ne, To Harshenka da Yatsanka Fa?

Assalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu.

'Yan'uwa, rubutun nan yana da ɗan tsayi. Wanda yake kan hanya ko yake tsakiyar ciniki ya ajiye shi sai bayan isha'i. Kuma da kaina zan fara, tunda laifi tudu ne, mutum kan taka nasa ya hango na wani.

Ranar Alhamis, 4 ga Yulin 2024, bayan la'asar, muna zaune a majalisarmu ta bakin masallaci sai wayoyi suka fara kuka kusan lokaci guda. Hoton shafin farko na wata jarida ne, tare da muryar wani bawan Allah yana magana kamar zai fashe da kuka: wai gwamnatin Najeriya ta sa hannu a kan yarjejeniyar halatta luwaɗi da maɗigo, an saye mu da dala biliyan 150. Ban tambayi kowa ba. Na rubuta "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un" a sama, na tura zaurukan WhatsApp shida, har da na iyayen yaran Islamiyyarmu. Washegari Juma'a, huɗubobi da yawa a Arewa a kan maganar suka tafi, ana kama sunayen ministoci ana tsine musu, mu kuma muna amsawa da amin mai ƙarfi.

Bayan kwana biyu ɗan yayata mai karatun lauya ya zo gaishe ni. Ya durƙusa muka gaisa, ya yi ta murza hula a hannu, can ya ce, "Kawu, don Allah in yi tambaya? Yarjejeniyar nan da ka turo mana, ka karanta ta kuwa?" Na yi shiru. Ya buɗe ta a wayarsa, ya matso kusa da ni, muka yi ta neman inda aka ambaci auren jinsi. Babu.

Yarjejeniyar Samoa ake ce mata, saboda a Apia, babban birnin tsibirin Samoa, aka fara rattaba mata hannu ranar 15 ga Nuwamban 2023. Tsakanin Tarayyar Turai take da ƙasashe 79 na Afirka da Karebiyan da Fasifik, kuma ita ta gaji yarjejeniyar Kwatano ta shekarar 2000. Najeriya ma jinkiri ta yi, sai 28 ga Yunin 2024 ta sa hannu a Brussels. Gaskiya ne akwai wasu kalmomi masu faɗin ma'ana a cikinta, a kan daidaiton maza da mata da haƙƙin lafiyar haihuwa, waɗanda wasu masu lura suka ce a sa musu ido, kuma ban ga laifin mai cewa haka ba. Amma "a sa ido" daban, "an halatta auren jinsi" daban. Yaron ya ƙara nuna mini sashe na 12 na tsarin mulkin ƙasa, wanda ya ce babu yarjejeniyar waje da za ta zama doka a Najeriya sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka. Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya ta fito ta ce babu wannan sharaɗi a takardar. Daga baya hukumar da ke sauraren koke a kan kafafen yaɗa labarai ta ce rahoton bai inganta ba, jaridar kuma ta nemi afuwa. Sai dai afuwar ba ta da ƙafa irin ta labarin. Ni da na tura zaure shida, gyaran a zaure nawa na tura? Ko ɗaya. Kunya ta hana ni. Ga shi Imamu Muslim ya kawo a farkon littafinsa cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. Na sha karantar da hadisin nan ga yara, ina buga allo da sanda.

To kada wani ya karanta zuwa nan ya ce Malam ya fara santsi. Ban yi santsi ba. Hukuncin addini a kan wannan al'amari a fili yake kamar rana. Allah Ya ba da labarin mutanen Annabi Luɗu, alaihis salam, a A'arafi da Hudu da Shu'ara'i da Namli da Ankabut, ba sau ɗaya ba. Babu mazhabar da ta halatta aikin, balle a ɗaura masa aure. A fiƙihunmu na Malikiyya, rukunan aure su ne waliyyi da sadaki da siga da mahalli, mahallin nan kuwa shi ne miji da matar da babu abin da ya hana aure a tsakaninsu. Idan babu mahalli, ko goro kwando dubu aka raba, ko liman goma suka yi fatiha, babu aure. A huɗubar bankwana Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce wa maza su ji tsoron Allah a kan mata, domin da amanar Allah suka karɓe su, da kalmar Allah suka halatta musu. Ka ga ashe ba mu muka ƙirƙiro auren ba, balle mu zauna mu sake masa fasali da ƙuri'a. Kuma malamai sun bambanta tsakanin wanda ya faɗa cikin saɓo yana sane da cewa saɓo ne, da wanda ya tashi tsaye ya ce Allah bai haramta ba. Na farko mai zunubi ne da ake fatan tubarsa. Na biyu yana jayayya ne da nassi, lamarinsa ya fi girma nesa ba kusa ba.

Amma ya kamata mu san yadda maganar ta faro a can inda ta faro, domin 'ya'yanmu suna karanta hujjojinsu a waya, mu kuma abin da muke ba su a gida bai wuce tsaki da "Allah wadai" ba. Tsaki ba ya rushe hujja.

Ƙasar Holan ce ta fara halatta auren jinsi a doka, a Afrilun 2001. Beljiyam ta biyo a 2003, Sifen da Kanada a 2005. A nahiyarmu Afirka ta Kudu ce ta yi a 2006, bayan kotun tsarin mulkinsu ta ba majalisa wa'adin shekara guda ta gyara dokar aure. Faransa ta yi a 2013, bayan dubban ɗaruruwan Faransawa sun cika titunan Paris suna cewa ba su yarda ba. A Ailan, ƙasar da aka sani da riƙon ɗarikar Katolika, jama'a ne da kansu suka amince ta ƙuri'ar raba gardama a 2015. A Amurka kuwa Kotun Ƙoli ce ta yanke ranar 26 ga Yunin 2015, alƙalai biyar suka rinjayi huɗu. Alƙali ɗaya tak ya raba.

Shari'ar ta Amurka tana da abin lura. Mutumin da sunansa ke kanta, Jim Obergefell, abin da ya kai shi kotu shi ne yana so a rubuta sunansa a takardar shaidar mutuwar abokin zamansa a jihar Ohio, a matsayin wanda mamacin ya bari. Daga nan za ka gane tushen hujjarsu: a wurinsu aure yarjejeniya ce ta hukuma, wadda gado da haraji da inshora da izinin shiga ɗakin mara lafiya suka rataya a kanta, kuma hukuma ba ta da ikon ba wani ta hana wani. Idan ka yarda da tushen, wato cewa ɗan Adam shi ne mai yanke wa kansa ma'anar aure, to reshen zai biyo ko ka so ko ka ƙi. Mu a tushen muka rabu da su. Wannan shi ne abin da ya kamata yaro ya ji daga bakin mahaifinsa cikin natsuwa, a kan tabarma, ba cikin hargowa ba. Shi kansa shugaban alƙalan kotun, John Roberts, yana cikin huɗun da suka ƙi, kuma a rubutunsa ya nuna cewa hujjar da aka kafa za ta iya hawa kan auren mace fiye da ɗaya. Abin dariya abin takaici, ƙasashen nan, ban da Afirka ta Kudu, har gobe laifi ne a cikinsu mutum ya ajiye mata biyu da aure, ko da su matan sun yarda. Ashe kowa yana da iyakar da ya shata wa aure, ba mu kaɗai ba. Tambayar ita ce wa ya shata maka taka.

Kuma ba Musulmi kaɗai abin ya dama ba. Maƙwabtanmu Kirista sun fi mu shan wahalarsa, domin su a cikin coci ɗaya rigimar ta same su. A Fabrairun 2023 babban taron Cocin Ingila ya amince a riƙa yi wa masu irin wannan zama addu'ar albarka, Cocin Angilikan ta Najeriya ƙarƙashin Henry Ndukuba ta ce ba da ita ba. A Disamban 2023 Fadar Fafaroma ta fitar da takardar da ta ba da damar sa albarka ba tare da an kira shi aure ba, ba a yi wata guda ba bishop-bishop na Afirka, da Kadinal Fridolin Ambongo na Kinshasa a gaba, suka ce a nahiyarsu ba za a yi ba. Cocin Methodist ma ta dare a kan maganar, tsagewar ta iso har Taraba. Shugabannin siyasa ma an gwada su. A 2011 David Cameron na Birtaniya ya ce za a duba tallafin da ake ba ƙasashen da suka haramta abin. A 2013 Obama ya ta da maganar a Dakar, Macky Sall ya amsa masa a gaban 'yan jarida cewa Senegal ba ta shirya ba. A 2023, da Yuganda ta yi dokarta mai tsanani, Bankin Duniya ya dakatar da ba ta sabon rance. Saboda haka mai cewa akwai matsin lamba daga waje bai yi ƙarya ba. Akwai shi. Shi ya sa ma labarin Samoa ya shige mu kamar wuƙa a cikin man shanu, domin ya yi kama da abin da muke tsoro. Ƙaryar da ta fi haɗari ita ce mai kama da gaskiya.

A nan gida kuwa doka tana nan. Majalisar Dattawa ta amince da ƙudirin haramta auren jinsi a 2011, ta Wakilai a 2013, Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a Janairun 2014. Ɗaurin shekara 14 ga waɗanda suka ƙulla irin wannan aure, shekara 10 ga wanda ya shaida ko ya taimaka ko ya kafa musu ƙungiya. Ban da wannan, jihohi 12 na Arewa suna da dokokin Shari'a tun bayan da Zamfara ta buɗe ƙofa a zamanin Ahmad Sani Yariman Bakura. Babu wanda ya soke ko ɗaya daga ciki. Ke nan ta fuskar doka ba mu da giɓi. Giɓinmu a wani wuri yake, kuma shi ne dalilin rubutun nan.

Duk wanda ya yi karatun zaure ya wuce ta kan Risala ta Ibn Abi Zaid. A babin haddodi akwai wata gajeriyar jimla da muke bi ta kanta da gudu: wanda ya ce wa wani mutum "ya kai ɗan luwaɗi", a yi masa haddi. Bulala tamanin. Kuma a mazhabarmu ko da habaici ya yi, ba kai tsaye ba, matuƙar an gane inda ya dosa, haddin yana kansa. Suratun Nur ta ƙara da cewa kada a sake karɓar shaidarsa, kuma ta kira shi fasiƙi. Yanzu ka buɗe Facebook ko TikTok ka ƙirga. Malami ya saɓa da malami, almajiransu sun jefi juna da wannan kalma. Ɗan siyasa ya sauya sheƙa, an ce ai dama "ɗan harka ne". Saurayi ya sa turare ya gyara gashi, an sa hotonsa an rubuta "a dai yi shiru" da fuskar dariya guda uku. Wannan "a dai yi shirun" shi ne habaicin da Malam Ibn Abi Zaid yake nufi. Da za a tsayar da wannan haddi ɗaya na mako guda a garuruwanmu, da dorina ta yi tsada a kasuwa.

Bari in ba ku abin da na gani da idona. Akwai wani yaro tela a layinmu, maraya, mahaifiyarsa ce ta raine shi a tsakiyar yayyensa mata biyar. Ya taso da taushin murya da yawan kunya, ɗinkin mata kuma ya iya kamar me, lokacin Sallah har layi ake yi a ƙofar shagonsa. Sahun farko ba ya wuce shi da asuba. Ya nemi aure a unguwar gaba, an kai kuɗin gaisuwa, an sa rana. Ranar hawan Sallah wani ya ɗauke shi hoto yana tafe riƙe da hannun amininsa, kamar yadda ni da ku muka taso muna yi, kamar yadda iyayenmu suke yi har yau in sun fito daga masallaci. Aka sa hoton a zauren matasan unguwa da 'yar magana a ƙasa. Kafin magariba ya zagaya. Kafin mako uban yarinya ya aiko a karɓi kayan sa rana, ya ce shi bai ce an yi ba, bai ce ba a yi ba, amma ba zai iya da bakin mutane ba. Mata suka daina kawo ɗinki, wai kada a gan su. Yara suka fara bin sa da waƙa. Wata asuba aka wayi gari shagon a rufe da kwaɗo, ya ɗaure kekensa a bayan mota ya yi Kudu. Daga baya ta fito cewa wanda ya sa hoton shi ma ya taɓa neman yarinyar an hana shi.

Ina cikin zauren nan, an sa ni ne a matsayin babba mai sa ido. Na ga hoton lokacin da aka sa shi. Ban yi dariya ba, amma ban ce uffan ba, na ce a raina shirmen yara ne, na wuce. Allah Ya ce a cikin ƙissar ƙagen da aka yi wa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, kuna ɗaukarsa abu mai sauƙi alhali a wurin Allah babba ne. Ya kuma yi tambaya: me ya sa da kuka ji ba ku ce bai kamace mu mu yi magana a kan wannan ba? Ayar ba waɗanda suka ƙirƙira kawai ta kama ba, har da waɗanda suka karɓa da harsunansu suka miƙa gaba. A zamaninmu yatsa ne harshen.

Wani abin baƙin cikin kuma, tsoron nan ya fara cinye mana kyawawan al'adunmu. Bahaushe yana da amini, yana riƙe hannunsa a kasuwa, samari suna kwana a shago ɗaya har su yi aure, babu wanda ya taɓa kawo komai a ransa. Yau yaro yana tsoron ya dafa kafaɗar abokinsa. Mun ce muna kare tarbiyya daga baƙin tunani, sai ga shi mun ari idon baƙin muna kallon junanmu da shi.

To idan ma gaskiya ne fa? Idan mutum ya san wani da wannan aiki? Nan ma Shari'a ba ta bar mu da son ranmu ba. Suratul Hujurat ta hana zato, ta hana bin diddigin asirin mutane, ta hana giba, duk a aya ɗaya. Ba a yarda ka ƙwace wayar mutum ka bincika ba, ba a yarda ka yi masa tarko da sunan ƙarya ka jawo shi wani kango ba, balle ka tatsi kuɗinsa da barazanar tona masa asiri, wanda wannan fashi ne tsagwaronsa ko da mai yinsa yana kabbara. Lokacin da Ma'izu ya zo da ƙafarsa yana iƙirarin zina, Manzon Allah kau da kai ya riƙa yi, sannan ya ce wa Hazzal, wanda ya ba shi shawarar zuwa, da ka lulluɓe shi da mayafinka da ya fi maka alheri. Yana cikin Muwaɗɗa. Malamai sun yi saɓani a kan irin hukuncin mai wannan aiki, Imamu Abu Hanifa ma yana ganin ta'aziri ne da alƙali zai auna, amma babu wanda a cikinsu ya ce ɗan unguwa ko gungun matasa su ne masu zartarwa. Alƙali ne, a kotu, a mazhabarmu kuma da shaidu huɗu adilai da suka gani da ido ko iƙirarin da ba a tilasta ba, kuma ana tunkuɗe haddi da shubuha. An tsaurara sharuɗɗan ne da gangan, don kada rayuka da mutunci su zama abin wasa.

A Janairun 2014, 'yan kwanaki bayan sa hannu a dokar, taron jama'a suka yi wa wata kotun Shari'a a Bauchi ruwan duwatsu ana tsakiyar sauraren ƙarar wasu da ake tuhuma, sai da jami'an tsaro suka yi harbi sama. Ku tsaya ku duba hoton nan da kyau. Mutane suna jifan kotun Shari'a da sunan kishin Shari'a. Alƙali yana neman shaidu, su suna neman jini. Wanda ya ɗauki dutse a irin wannan wuri bai fi alƙali kishin addini ba, ya dai fi shi jahilci. Kuma Suratul Ma'ida ta riga ta gaya mana kada ƙin wasu mutane ya sa mu kasa yin adalci.

Akwai kuma wanda ba a cika tunawa da shi ba a cikin hayaniyar nan: yaro ko yarinyar da suka tsinci wannan karkata a zuciyarsu, ba su kira ta ba, suna kuka da ita a sujada. Suna cikin masallatanmu da makarantunmu, suna jin duk abin da muke faɗa. Hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Allah Ya yafe wa al'ummar nan abin da zukata suka raya matuƙar ba a aikata ba ko an furta. Wanda yake danne zuciyarsa don tsoron Allah mai jihadi ne da ransa, ba abin tsinuwa ba. Wanda ya faɗa kuma ya dawo yana nadama, ayar Zumar tana nan: kada ku yanke ƙauna daga rahamar Allah. Akwai sahabin da aka sha kawowa ana yi masa bulalar shan giya, wani ya tsine masa, Manzon Allah ya hana, ya ce yana son Allah da ManzonSa. Idan irin wannan yaro ya zo wurinka, Malam, ya rufe ƙofa ya ce yana da magana, amana ce ya kawo maka. Kada ta zama labarin majalisa. Idan duk ƙofofin masu addini suka rufe a fuskarsa, akwai masu jiransa a intanet da hannu biyu, kuma abin da za su fara gaya masa shi ne addininka ba ya son ka. Mu ne za mu zama shaidunsu. Iyaye kuma, don Allah, a daina ɗauko 'yar mutane a aura wa yaro a matsayin magani ba tare da ta san komai ba. 'Yar wani ba asibiti ba ce.

Sai dai a nan akwai iyaka, kuma ina so a ji ta da kyau. Rufin asiri na wanda ya zalunci kansa ne. Babban da yake lalata ƙananan yara, a shago ne, a makarantar kwana ne, a tsangaya ne, ko a cikin gida, wannan ba a rufa masa. A kai shi gaban hukuma, a kai yaron asibiti. Abin mamaki, a nan ne muka fi iya rufin asiri. Idan mai laifin mai kuɗi ne ko mai rawani ko ɗan dangi, sai manya su taru a zaure a ce "a bar maganar saboda zumunci", a ba uban yaro ɗan abin sayen magani. Tela maraya an kore shi daga gari a kan hoto, mai cin zarafin yara yana sahun gaba an rufa masa. Mun juya mayafin Hazzal, mun lulluɓe kura mun bar ɗan akuya a rana.

Shi auren da muke cewa muna karewa, yaya muka riƙe shi? Alƙur'ani ya kira shi alkawari mai kauri, ya ce an sanya ƙauna da jinƙai a cikinsa. Sadakin da Malikiyya suka ce ya isa rubu'in dinari ne. Mu kuma mun ɗora lefe akwati goma sha biyu, da kayan ɗaki na gasa, da gara, da dina, da kamu, har saurayi mai sana'a ya kai shekara talatin da biyar yana tari. Wanda ya samu ya yi kuma, wata shida ya aiko da saki uku ta saƙon waya saboda gishiri ya yi yawa a miya. Har ta kai gwamnatin Kano da Hukumar Hisba suka fara aurar da zawarawa a 2012, a Oktoban 2023 aka ɗaura na mutum 1,800 da matansu a rana guda. Aikin alheri ne, Allah Ya saka, amma yawan masu layin yana gaya mana wani abu game da gidajenmu. Ba Holan ce ta sako matan nan ba. Ba Kotun Ƙolin Amurka ce ta hana uban 'ya'ya tara ciyar da su ba, ta tura su kwana a tasha inda kowane mugu zai iya kiransu da naira ɗari biyu. Manzon Allah ya ce wa matasa wanda ya samu iko ya yi aure, wanda bai samu ba ya riƙi azumi. Mun toshe ƙofar farko da bidi'o'in biki, ba mu koya musu ta biyu ba, sannan muka miƙa musu waya da data muka tafi barci.

Mahaifiyar telan nan tana nan a layinmu. Hawan jini ya kama ta tun lokacin, ba ta fita ko biki ko suna. Duk sanda na wuce ƙofar gidan sai in ƙara sauri. Na yi magana da liman da mai unguwa, sun amince ranar Asabar za mu je mu ba ta haƙuri, kuma liman zai faɗa a masallaci, da sunan yaron, cewa abin da aka yaɗa a kansa ƙage ne. Wanda ya sa hoton ya ce zai zo, Allah Ya ba shi ikon cikawa. Duk wanda yake cikin zauren nan a wancan lokaci, ya yi dariya ne, ya tura ne, ko ya yi shiru irin nawa, ƙarfe goma na safe za mu haɗu a ƙofar masallaci. Lambar yaron tana wurina ga mai son ya kira shi da bakinsa.